Alhakin da Ya Rasa Ubangida: Ma'aikacin Kamfani a Ƙagaggun Labaranmu

Tun bayan sallar layya nake bin littattafan Hausa na intanet, waɗanda ake turowa shafi-shafi a WhatsApp da waɗanda ake ɗorawa a Wattpad da ArewaBooks, kuma da wuya na buɗe ɗaya ban tarar da kamfani a cikinsa ba. Kamfanin ko dai na mahaifin jarumin ne, ko kuma nasa ne na kansa da ya kafa bayan ya dawo daga karatu a Ingila ko Maleshiya. Za a nuna mana shi da safe ya sauko daga bene yana ƙamshi, direba ya buɗe masa mota, masu gadi su rusuna, sakatariya ta biyo shi rungume da fayil. Zai sa hannu a takarda biyu, ya daka wa wani ma'aikaci tsawa, sai wayarsa ta yi ƙara, labari ya koma inda marubucin yake son zuwa tun farko, wato wurin yarinyar. Abin da kamfanin ke sarrafawa, da yawan masu aiki a cikinsa, da ranar da ake biyan albashi, duk ba a damu mai karatu da su ba. Shi kuwa wanda aka daka wa tsawar ko suna ba shi da shi. Ya ce a yi haƙuri ranka ya daɗe, ya ja da baya, an gama da shi ke nan.

Wannan sharhi a kan mutumin nan ne da ya ja da baya. Abin da nake son faɗa shi ne, ƙagaggen labarin Hausa ya yi shekaru yana shiga kamfani ta ƙofar manaja, bai taɓa bi ta get ɗin ma'aikata ya zauna ya saurara ba, alhali a nan ne ɗaya daga cikin manyan labaran Arewa ya faru. Kuma ina ganin na gano dalili. Marubutanmu ba gwaninta suka rasa ba. Irin ginin da muka saba yi wa labari ne bai da wurin ajiye zaluncin da ba a san mai shi ba.

Kukan injin

Ni ɗan Masama ne, a ƙasar Gwandu. Wani kawuna ya yi sama da shekara ashirin yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kaduna, ba sai na faɗi sunanta ba. Lokacin da muke yara, zuwansa gida ganin gari abin biki ne: rediyo a hannu, agogo a wuyan hannu, turamen atamfa na iyayenmu mata, kowace da nata. Da aka rufe masaƙar ya ɗan jure zama a can yana jiran haƙƙinsa, daga baya ya tattaro iyali ya dawo ya kama noman gero da albasa kamar bai taɓa fita ba. Na daɗe ina zaton ranar da aka rufe get ita ce ta fi yi masa ciwo. Wata rana da daddare, muna zaune a ƙofar gida, na tambaye shi.

"A'a, yaro," ya ce. "Ranar da anka rufe, mun riga mun gaji da mutuwa. Ba rana guda anka kashe muna zuciya ba. Shayi anka fara ɗaukewa."

Sai ya jero mini su ɗaya bayan ɗaya. Shayin da ake ba masu dutin dare ya koma ba madara, daga baya ya ɓace. Bas ɗin ma'aikata ta lalace aka ce za a gyara, ba a sake ganinta ba. Asibitin kamfani ya koma rubuta wa mutum takarda ya je ya saya. Yadin da ake rabawa a ƙarshen shekara aka rage shi, aka kuma daina. Kuɗin ƙarin awa suka tsaya. Albashi ya tashi daga ranar da aka sani ya koma ranar da Allah ya yi. Aka shiga ba da hutun dole, sati biyu, wata guda, saboda babu auduga ko babu baƙin mai ko babu wuta. Helma da a da yake zama a ci abinci da shi ya koma ɗaukar sunayen masu magana. Kowa ya nemi abin yi a gefe: wani aski, wani acaba, wani tebur ɗin goro a bakin get.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya faɗa a ƙarshe. "Da fari, in injin ya canza kuka, kahin makaniki shi iso mun san abin da ya same shi, don mun san shi awa ɗiyanmu. Daga baya sai ka ji kukan ya canza, ka kau da kai. Na kusa da kai shi ma ya ji, shi ma ya kau da kai. Ka ce ina ruwana. Ranar da na fara faɗin haka a zuciyata, na san aikin ya ƙare."

Shekara da shekaru ina karatun Hausa ban ci karo da wannan lokacin a kowane littafi ba, lokacin da gwanin aiki ya ji injin na neman taimako ya kau da kai. Ga labari cikakke a cikin daƙiƙa guda, ba harbi ba duka, kuma ga shi kwance ba wanda ya ɗauka.

Abin da ya faru a zahiri

Kada mai karatu ya ɗauka labarin mutum ɗaya ne. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka fi sani da KTL, a 1957, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila. Bayanta UNTL da Arewa Textiles da Nortex da sauransu suka biyo, har Kakuri da kewayenta suka zama gari mai tashi da jiniya ya kwanta da jiniya. A Kano aka samu Bompai da Sharaɗa da Challawa. Mutanen da suka cika waɗannan wurare daga ƙauyuka irin namu suka fito. Ƙasar Sakkwato da Gwandu da Kabi dama ta daɗe da sanin cin rani, har wani Bature mai suna Prothero ya ƙirga dubun dubatar maza da suka fita daga lardin Sakkwato neman aiki a ranin 1952 zuwa 1953. Abin da masaƙa ta sauya shi ne, mai cin rani yakan dawo da faɗuwar ruwa, shi kuwa ma'aikacin masaƙa ya tafi ke nan, ya ɗauki mata ya kai can, ya haifi 'ya'ya masu jin Hausar Kaduna.

Lalacewar ma ba ta zo dare ɗaya ba. Tun farkon shekarun 1980, da kuɗin mai suka ja baya, masaƙu suka fara rasa kuɗin waje na sayen auduga da kayan gyara. A Janairun 1984 ma'aikatan KTL suka yi tattaki zuwa gidan gwamnati saboda an mayar da su rabin albashi. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986 ya karya darajar Naira, albashi ya koma ba ya kai mutum tsakiyar wata. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi daga waje, ga kuma na fasa-ƙwauri da dama ke kwarara ta iyakoki, ga rashin wutar lantarki, ga tsadar baƙin mai. KTL ta tsaya a 2002, tsofaffin ma'aikatanta da matan waɗanda suka rasu suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama. UNTL, wadda ta fi kowace girma, ta rufe a 2007 ta sallami dubban mutane. Tsakanin tattakin 1984 da rufewar 2002 akwai shekara 18. Yaron da aka haifa ranar tattakin ya isa aure kafin a rufe get. Waɗannan shekaru 18 su ne zamanin shayi ba madara da kawuna ke magana a kai, kuma su ne adabinmu ya tsallake.

Abin kunyar shi ne waɗanda suka zauna suka saurari mutanen nan baƙi ne. Paul Lubeck, Ba'amurke, ya fitar da littafi a 1986 kan Musulunci da ma'aikatan masana'antun Kano, inda ya nuna yadda da yawansu tsofaffin almajirai ne, da yadda neman izinin yin salla a kan lokaci ya zama abin ja-in-ja tsakaninsu da masu kamfani, da yadda burin mafi yawansu shi ne su tara jari su koma kasuwa. Gunilla Andrae da Björn Beckman, 'yan Suwidin, suka rubuta nasu a 1998 kan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda Adams Oshiomhole ya yi wa babban sakatare kafin ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Littattafai ne masu amfani, amma da Ingilishi suke, kuma na bincike ne. Suna iya gaya maka an rage albashi kashi kaza. Ba aikinsu ba ne su bi mutum gida su ga da wace fuska ya shiga, da abin da ya ce wa matarsa, da yadda ya kwanta. Wannan aikin mai ƙaga labari ne.

Ko gidan da ya raini rubutun Hausa bai tsira ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ya fara yi wa edita a 1939, ta ƙare a hannun kamfanin New Nigerian, kuma ma'aikatan wannan kamfani sun sha zaman watanni ba albashi kafin jaridun su ɓace daga hannun 'yan talla. Mutanen da sana'arsu ke nan rubutu da ɗab'i. Duk da haka har yau ban ga labarin mai haɗa baƙaƙe da ke zuwa aiki kullum yana sa hannu a rajista alhali babu takardar bugawa ba.

Ɗan ƙauye a birni: ɓarawo ko Alhaji

In aka duba littattafan da suka fito daidai lokacin da masaƙu ke kan ganiyarsu suna kuma fara tangaɗi, za a ga marubutan sun ga ciwon zamaninsu, sai dai sun duba ta wata taga. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, na ƙarshen shekarun 1970, gargaɗi ne ga saurayin ƙauye mai ɗokin birni, kuma abin da birni ya tanadar masa shi ne miyagun abokai da aikata laifi. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, ya bi Mailoma cikin duniyar ta'addanci da zubar da jini. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, shi ma na 1982, ya fi kowanne matsowa kusa, domin ya ɗauki Alhaji Gabatari, attajirin da ya yi dukiya da fasa-ƙwauri, ya tona yadda kuɗinsa ke sayen mutane da hukuma. Littafi ne mai ƙarfin hali, kuma har yau yana karantuwa. Amma idonsa na kan mai shigo da kaya da jami'an da ke tare shi ko suke buɗe masa hanya. Mutumin da kayan fasa-ƙwaurin ke cinye wa aiki, wanda ke tsaye gaban injin a Kakuri ko Bompai, bai samu shiga ba.

Daga wancan lokaci zuwa yau, ɗan ƙauyen da ya shiga birni a labarin Hausa hanya biyu gare shi. Ko ya lalace ya zama abin wa'azi, ko wani Alhaji ya tsince shi ya gwada amanarsa ya damƙa masa dukiya, wani lokaci har da 'ya. Hanya ta uku, wadda mafi yawan mutanenmu suka bi, ta mutumin da bai lalace ba bai kuma yi kuɗi ba, ya dai yi shekara ashirin yana buga kati da asuba, ba ta cikin taswirar.

Mawaƙan baka sun fi mu ido a nan. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya tsaya ya kalli karen mota da dauɗarsa da wahalarsa ya yi masa waƙa guda, ya mayar da shi mutum. A yammacin ƙasar Hausa kuwa, makaɗan noma irin su Amali Sububu sun ɗaukaka aikin ƙarfi har ya zama abin alfahari. Sai dai a lura da abin da ya sa waƙar noma take yiwuwa: gwarzon noma yana da suna, yana da kirari, gonar ta wani ce da aka sani, in an yi gayya kowa ya ga kuyyar kowa. Ma'aikacin masaƙa lamba gare shi. Yadin da ya saƙa ya tafi kasuwar Kantin Kwari da tambarin kamfani, ba wanda zai ce aikin wane ne. Makaɗi ba ya yi wa lamba kirari. Wannan giɓi rubutaccen labari ne ya kamata ya cike shi, domin shi ne ke iya shiga zuciyar wanda ba a yi wa kiɗa.

Darasin Rabi

Zan ce wani abu da zai iya ba wasu mamaki: marubutan da suka fi kowa cancantar rubuta labarin kawuna su ne matan da ake yi wa gorin rubutun kishi da aure. Ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Rabi matar Alhaji Abdu ce, uwar 'ya'ya tara. Kafin a kai ga korarta, littafin ya riga ya nuna mana abin da ya fi korar ciwo: kuɗin cefanen da ba ya isa, da mijin da ke da halin yi ya ƙi yi, yana kashe dukiyarsa a waje, da matar da ke ta ƙoƙarin rufa asirin gida da ɗan abin da ta samu. Marubuciyar ta san cewa wulaƙanci lissafi gare shi, ana auna shi da mudu da kwabo. Duk wanda ya iya rubuta yadda ake janye wa mace kulawa kaɗan-kaɗan har ta wayi gari bora a ɗakinta, ya iya rubuta yadda ake janye shayi da bas da magani daga ma'aikaci. Ciwon iri ɗaya ne: ka ba wuri ƙuruciyarka bisa alkawarin da ba a rubuta ba, a wayi gari a nuna maka ba a san da alkawarin ba.

Domin kuwa alkawari ne. Bahaushe ya shiga kamfani da fahimtar barantaka a kansa. Bara yana yi wa ubangidansa hidima da biyayya, ubangida kuma ya yi masa rigar salla, ya tsaya masa ranar aure da suna, ya kai shi magani in ya kwanta. Manyan kamfanonin farko sun yi kama da wannan, da asibitinsu da motarsu da kyautar ƙarshen shekara, shi ya sa mutanenmu suka ba su zuciya ɗaya. Da aka fara janye waɗannan abubuwa, a littafin akawu ragin kashe kuɗi ne, a zuciyar ma'aikaci kuwa ubangida ne ya juya masa baya. Abin da ya karye ya wuce aljihu, ya taɓa mutunci.

To, me ya hana a rubuta? A nan ne littafin Balaraba ya nuna mana iyakar gininmu. Sunansa ma ya faɗi yadda zai ƙare: alhaki zai bi ubangidansa. Kuma ya bi shi. Gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, dukiya ta tafi, amaryar da ya fifita ta zame masa masifa. Ita kuwa Rabi, sauƙinta ya zo da sana'ar abinci da ta kama, ya kuma ƙaru da 'yarta Saudatu ta auri mai hali mai kirki. Wato an hukunta mugun ubangida, an kawo nagari. Kusan duk labaranmu a kan wannan turba suke, kuma mai karatu na jiran ta tun daga shafin farko.

Yanzu gwada ɗora wannan gini a kan masaƙa. Wa alhakin zai bi? Manajan da aka canza sau biyar? Helman da shi ma bashin wata shida yake bi? Wanda ya sa hannu aka buɗe iyaka a Abuja? Ɗan kasuwar da ya shigo da atamfa mai araha, ko mu da muka saye ta ranar salla muna murna? KTL da New Nigerian duk sun kasance a hannun jihohin Arewa 19, har da tamu ta Kebbi. Ubangida mai kai 19, wanda ake sauya kawunansa duk shekara huɗu ko takwas, ba shi da rumfar da gobara za ta ci. Kwikwiyon ya fito get yana sunsune-sunsune ya rasa wanda zai bi. Marubucin da ya saba rufe labari da sakayya, in ya iso nan sai alƙalaminsa ya tsaya. Mafita biyu yake samu: ko ya ƙirƙiro mugun manaja guda mai neman matan ma'aikata ya ɗora masa komai, ko ya sa ɗan mai kamfani ya yi shigar talaka ya gano gaskiya ya gyara komai a babi na ƙarshe. Duka biyun gudu ne. Sun mayar da kamfani gidan Alhaji don labarin ya samu inda zai sauka.

Harshenmu ma yana taya mu gudun. In mutum ya daina kishin aikinsa muna cewa zuciyarsa ta mutu, kuma mutuwar zuciya a Hausa zagi ne, laifin mai ita ne. Ba mu cika tambayar wa ya kashe ta ba. A zaurukan Gwandu ana karanta babin ijara a Risala, kowane ɗalibi kuma ya san hadisin da ya yi umarni a biya ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. Muna da ma'aunin. Amma ma'aunin ya saba da mutum biyu da suka ga idon juna suka yi ciniki. Yadda za a auna haƙƙi tsakanin mutum da abin da ba mutum ba, tambaya ce da malaman fiƙihu da lauyoyi ke da nasu bayani a kai, adabi kuwa bai ko fara ba.

Ana iya yi

Wani zai ce irin wannan labari ba ya karantuwa, mutane gajiya suke yi su buɗe waya don su huta, ba don a tuna musu da bashin mai shago ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na raina marubuciyar da ke rubuta abin da za a biya ta kuɗin karatu ta sayi data da sabulu. Ita ma 'yar ƙwadago ce. Amma masu karatun nan su ne suka rungumi labarin Rabi, wanda ba hutu a cikinsa. Kuma gajerun labaran da gasar Hikayata ta BBC Hausa ke fitarwa tun 2016 sun nuna cewa mata na rubuta gudun hijira da fyaɗe da talauci, ana kuma saurare. Mai karatun Hausa ba ya tsoron ɗaci in an iya dafa shi.

A waje ma an yi. Sembène Ousmane na Senegal, wanda shi kansa ya yi dako a tashar jiragen ruwan Marseille a Faransa, ya fitar da littafi a 1960 kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Dakar zuwa Neja na 1947 zuwa 1948, wanda aka fassara da sunan God's Bits of Wood. Abin koyi a wurinsa shi ne bai ba mutum ɗaya labarin ba. Ya raba shi tsakanin garuruwa da gidaje, ya ba matan ma'aikata babban kaso, domin su ne ke sanin ranar da tukunya ta daina hawa wuta. Da ya rasa jarumi guda da mugu guda, sai ya mayar da jama'a jarumi. Namu aikin ya ma fi nasa wuya, don shi yajin aiki ya rubuta, mai farko da ƙarshe da nasara. Namu labarin na shekarun da ba a yi komai ba ne, ana dai zuwa ana dawowa. Amma wahalar ita ce darajarsa. Labari ne da zai tilasta wa marubuci ya bar sakayya ya riƙe gaskiya, ya ƙare babi na ƙarshe mugu bai mutu ba, mai gaskiya bai yi kuɗi ba, mai karatu kuma ya rufe littafin da tambaya a ransa maimakon hamdala.

Get ɗin ya matso gida

Ba tarihi kawai nake karantawa ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, jiharmu ta shiga zamanin manyan injinan casa: ga Labana a Birnin Kebbi, ga WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga ƙanana da dama. Samarin Masama da Gwandu da Kalgo da a da sai sun je Kaduna ko Legas kafin su ga get ɗin masana'anta, yanzu mota ɗaya ce. A faɗin ƙasar nan kuma salon ɗaukar aiki ya sauya: kamfanoni da yawa, daga bankuna zuwa masana'antu, ta hannun ɗan kwangila suke ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, wato ubangidan ya ƙara nisa da taki guda. An cire tallafin man fetur a Mayun 2023, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Naira dubu 30 zuwa dubu 70 a 2024, amma duk mai zuwa kasuwa ya san wanda ya riga wani gudu tsakanin albashin da farashin mudu. Ko aikin na tafiya daidai ko ba ya tafiya, akwai mutane a bayan katangun nan da ke da abin faɗa, kuma da Hausa za su faɗe shi.

Roƙona ga marubutanmu, musamman matasan Kebbi da Sakkwato da Zamfara da ke tasowa, ƙarami ne. In za ku sa kamfani a labari, ku yanke shawarar abin da yake yi. Ku je bakin get lokacin tashi ku sayi shayi ku zauna. Ku tambayi mai abincin da ke ba da bashi zuwa ƙarshen wata, ita ce ta fi akawu sanin lafiyar kamfanin. Ku koyi sunayen injina da irin ciwon da kowanne ke sa wa jiki, ƙurar auduga a ƙirji, ƙaiƙayin shinkafa a ido, ƙarar da ke cinye ji. Ku ba mutumin da aka daka wa tsawa suna da mata da uwa a ƙauye, ku bi shi in ya ja da baya ku ga inda za shi. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa suna nan a garuruwanmu, amma suna ƙarewa, kowace shekara ana rage mana su.

Kawuna yana da wata jakar leda a ƙasan akwatinsa na ƙarfe. A ciki akwai katinsa na aiki mai hotonsa yana saurayi, da takardar da aka lissafa masa kuɗin sallama, an buga hatimi an sa hannu. Gefenta ya fara cinyewa wajen ninki. Bara da 'yarsa za ta yi aure ya fito da ita ya ba ni in sake karanta masa adadin, na karanta, ya yi lissafi da yatsu, ya ce ko gado da katifa ba za su saya ba yanzu. Ya mayar da ita ledar, ya ninke yadda take, ya ce in na ji ana biya in gaya masa.